Ganin likita ta waya a Saudiyya: su wa ke samu, su wa aka bari a baya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, kai da abokan aikinka da dukkan masu karatu.

Daga Jidda nake rubuto wannan wasiƙa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yabon da nake ta ji daga 'yan'uwa na gida, musamman waɗanda suka zo Umara suka koma, cewa a Saudiyya mutum yana kwance a ɗakinsa zai ga likita ta waya, a rubuta masa magani ya aika a karɓo. Wasu har cewa suke Najeriya da Nijar su kwafi tsarin yadda yake. Gaskiya suka faɗa, ban zo ƙaryata su ba. Sai dai ni cikin Hausawan nan nake zaune, ina koyar da mata karatun Alƙur'ani a gida, kuma da yake na yi makarantar Larabci, duk wadda saƙon asibiti ya shigo wa wayarta ni take kawo wa in karanta mata. Abin da idona ya gani shi ne, wannan alheri bai kai ga kowa daidai ba, kuma waɗanda suka fi bukatarsa a cikinmu su ne suka fi nisa da shi.

Bari in fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ma'aikatar lafiya tana da lambar 937, wadda ake kira dare da rana a yi magana da likita. Akwai manhajar Sehhaty, inda mutum zai kama layin ganin likita, ya duba sakamakon gwajinsa, ya ga allurar rigakafin 'ya'yansa, ya kuma yi magana da likita nan take. Akwai Wasfaty, wadda ta sa mai haƙƙin magani a asibitin gwamnati yake karɓar maganinsa a kantin magani na unguwa ba tare da takarda a hannu ba. A watan Fabrairun 2022 kuma aka buɗe asibitin Seha a Riyad, wanda ƙwararrun likitocinsa ke duba marasa lafiyar da ke kwance a wasu asibitocin ta intanet. Da asibitoci 130 ya fara, yanzu ya haɗa sama da 200. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama a ƙaramin gari, ƙwararre zai duba hoton ƙwaƙwalwarsa daga nesa ya ce a yi masa allurar narkar da gudan jini kafin sa'o'in da take amfani su wuce. Wannan aiki ne babba, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi.

To amma ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a ƙasar nan, kuma miliyan 13.4 daga ciki ba 'yan ƙasa ba ne. Mu Hausawa mun rabu a kowane ɓangare, har a zuri'a ɗaya. Akwai jikokin waɗanda suka taho a ƙafa ta Sudan tun zamanin da Turawa suka ci ƙasar Hausa, suka ƙetaro teku daga Sawakin, suka zama 'yan ƙasa. Su ne za ka ga sunansu ya ƙare da Hausawi ko Fallata ko Barnawi, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan jinya. Akwai irinmu masu iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kafili, wanda ya tsaya wa baƙo a wurin hukuma. Akwai kuma waɗanda iƙamarsu ta mutu, ko ba su taɓa yin ta ba, wasu ma a Makka aka haife su, nan aka haifi iyayensu. A wurin biki ɗaya za ka tarar da duka ukun suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ranar ciwo ce ke rarrabe su.

Kafin manhaja ta haɗa ka da likita, sai ta tambayi lambar katin ɗan ƙasa ko ta iƙama, sannan ta turo lambar sirri zuwa layin wayarka. Shi kuma layin, tun 2016 ba a sayar da shi sai da shaida da dangwalen yatsa. Ke nan wanda ba shi da takarda ba shi da layi da sunansa, wanda ba shi da layi da sunansa kuma tun a ƙofar farko ya tsaya. Kada masu karatu su ɗauka wai duk marar takarda ɗan gudun Umara ne. Daga watan Yulin 2017 aka ɗora wa mai iƙama kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, riyal 100 da farko, ana ƙara 100 duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar, riyal 2,400 ke nan kowane wata, alhali wani albashinsa gaba ɗaya bai kai haka ba. Wasu suka mayar da iyalinsu gida. Wasu suka ci gaba da biya wa mutum biyu ko uku, sauran takardunsu suka mutu. Kuma ni dai a gidajen da na sani, idan aka zo zaɓar wanda za a biya wa, namiji mai fita nema ake sa wa gaba, sai yaro ɗan makaranta. Uwa da kaka su ne ke jira, su ne kuma masu hawan jini da ciwon suga da laulayin ciki.

Ko cikin masu iƙama ma ba ɗaya ba ne. Ma'aikacin kamfani dole a yi masa inshorar lafiya, ba a sabunta iƙama sai da ita, amma inshorar hawa-hawa ce. Mai babban aji yana da manhajar kamfanin inshora, zai zaɓi likitan da yake so, a kawo masa magani har ƙofar gida. Mai ƙaramin aji, wanda kafili ya yanka masa mafi araha don dai takarda ta fita, 'yan ƙananan asibitoci kaɗan ne ke karɓarsa, shi kansa sau da yawa bai san sunan kamfanin da ke riƙe da shi ba.

Abin da mutane ke yi idan ƙofa ta rufe, shi ne ya fi tayar mini da hankali: aron suna. Yarinya mai takarda za ta buɗe manhaja da sunanta, ta faɗa wa likita ciwon mahaifiyarta kamar ita ce ke jin sa. Likita yana kallon bayanin mace 'yar shekara ashirin da 'yan kai, mai lafiyayyar ƙoda, sai ya rubuta magani daidai da ita. Wadda za ta sha kuwa ta haura sittin, ƙodarta ta fara gajiya, tana kuma shan maganin hawan jini. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙara wa ƙoda nauyi, suna kuma ɗaga jini. Ba wanda ya yi niyyar cutar da kowa, amma cutar ta shiga. Ita ma yarinyar, an rubuta mata a kundinta ciwon da ba ta da shi, kuma ranar da za ta kwanta haihuwa wannan kundin za a buɗe. Ina hana mata wannan iyakar ƙarfina. Idan na hana sai su ce, "To Malama, ya za mu yi?" Tun 2018 aka tsananta hana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, wanda abu ne mai kyau, amma marar takarda yanzu ba shi da likitan da zai rubuta masa sai ya biya kuɗi a asibitin kuɗi, idan ma ya yi ƙarfin halin fita bai ji tsoron a tare shi a hanya ba.

Sai maganar harshe. Manhajar da Larabci da Turanci take aiki. Matanmu da yawa suna jin Larabcin kasuwa, za su yi ciniki, za su tambayi hanya, amma ba sa karanta shi, balle su fayyace ciwo da shi. A gaban likita ido da ido, mace za ta nuna wurin da hannu, ta yamutsa fuska, likita ya taɓa ya gane. Ta waya kuwa baki ne kawai, sai an nemi tafinta, kuma tafintan gida shi ne ɗa.

Wata ɗalibata, dattijuwa ce da ta daɗe da daina al'ada, jini ya dawo mata kaɗan-kaɗan. Takardunta lafiya lau, ɗanta na fari shi ke riƙe da ita, shi ne kuma ya buɗe mata manhajar wani asibitin kuɗi, ya zauna kusa da ita yana fassara. Likitar ta tambayi abin da ke damunta. Malam Edita, ka san Bahaushiya da ɗan fari: sunansa ma ba ta kira, ta yaya za ta buɗe baki a gabansa ta ce jini take gani? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka ce mata marata ce ke ɗan murɗawa." Ya faɗa. Likitar ta tambaya ko akwai zafin fitsari, ko zazzaɓi, ko wani abu daban. Ta ce, "Babu komai, Alhamdu lillahi." Aka rubuta mata maganin rage ciwo, aka kashe waya. Sai bayan wani lokaci, an tashi daga karatu kowa ta watse, ta tsaya tana naɗe sallayarta a hankali, ta ce, "Malama, ina da magana." Da ta faɗa mini na ce, "Inna, wannan ba na waya ba ne, gobe da safe ni zan raka ki." Jinin da ya zo bayan ɗaukewar al'ada abu ne da likitoci ba sa wasa da shi, domin yana iya zama alamar kansar mahaifa, kuma idan an kama ta da wuri ana warkewa. Aka duba ta, aka yi mata abin da ya kamata. A lissafin masu ƙirga amfani da fasaha, wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda suka ga likita ta waya tun ranar farko, alhali likitar ba ta ji ciwonta ba.

Na lura kuma maza tsofaffi ma suna da nasu. Dattijo ba zai gaya wa 'yarsa cewa fitsari na riƙe masa ba, ko yana tashi sau da yawa cikin dare, sai abin ya kai ga sa roba.

Ana cewa kashi 99 cikin 100 na mutanen ƙasar nan suna amfani da intanet, kuma na yarda, domin ban san gidan da babu WhatsApp ba. Amma tura saƙon murya daban, cike gurabu a manhaja daban. Tsohuwa ta iya danna alamar makirfo ta gaida jikokinta na Damagaram. Ba ta iya tuna kalmar sirri ba, ba ta iya kwafo lambar da ke mutuwa cikin ɗan lokaci ba, idonta da suga ya taɓa ba ya ganin ƙananan rubutu. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na manyan ƙasar nan yana da ciwon suga, kuma namu ba su tsira ba, ga shinkafa safe da dare, ga shayi mai zaƙi, ga zama wuri ɗaya saboda zafi. Shi kuwa mai suga, ganin likita ta waya yana yi masa amfani ne idan yana da na'urar awo a gida ya faɗa wa likita abin da ta nuna. Na ga an ɗauki hoton ƙafar wata goggonmu da ta yi rauni a ɗan yatsa, aka tura wa likita. Ɗakin ba haske, fatar baƙa, hoton bai nuna yadda wurin ya canza launi ya kumbura ba. Likitan ya tambayi awon suga na safe, ba na'ura. Ya tambayi ko tana jin zafi, ta ce ba ta ji, 'yarta ta yi hamdala. Shi likitan ya san rashin jin zafin nan alama ce ta cewa jijiyoyin ƙafar sun fara mutuwa, ya ce a kai ta asibiti a ranar. Da jin babu zafi, mutanen gida suka ga ba gaggawa, suka bari sai ƙarshen mako da mai mota zai samu hutu. Yatsan bai tsira ba.

Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya ƙara dagula lamarin. Karantina, Gulail, Sabil, Bitrumin, Kandara, unguwannin da mutanenmu suka yi shekaru masu yawa suna zaune ke nan. Ba zancen rusau na zo yi ba. Abin da ya shafi maganata shi ne, a da kowace tsohuwa tana da yarinyar maƙota da ke karanta mata saƙo, da mai kantin maganin da ya san ta ya san maganinta. Yanzu an warwatsu, wasu sun yi kudancin gari, wasu Bahra, wasu Makka. Wayar tana hannunta, mai karanta mata ce ta yi nisa.

Saboda haka wani irin ganin likita ta waya ya kafu a tsakaninmu, wanda ba ya cikin kowane lissafi. Mace za ta yi saƙon murya da Hausa ta tura wa ƙanwar mijinta mai aikin jinya a Kano, ko wani ɗan'uwa mai kemis a Maraɗi. Shi kuma ya turo sunan magani, ko a ba wani mai zuwa Umara ya taho da shi a jaka. Wani lokaci shawarar tana da kyau. Wani lokaci kuma mai ba da ita bai taɓa auna jinin matar ba, bai san me take sha ba. Ga masu tallar maganin gargajiya a TikTok da ke cewa a ajiye allurar insulin a sha jiƙo. Ba na zargin matan nan ko kaɗan. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da wannan ya nuna mini shi ne mutanenmu ba ƙin ganin likita ta waya suke yi ba. Suna yin sa kullum, da murya, da Hausa, a wurin wanda ba zai tambaye su lamba ba.

Kuma an taɓa buɗe ƙofar a ƙasar nan, mun gani da idonmu. A ƙarshen watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai iƙama da wanda ya saɓa dokar zama, ba tare da an hukunta shi ba. Mutanen da suka shekara ba su taka asibiti ba suka fito aka gwada su. Hikimar a fili take: ciwo mai yaɗuwa ba ya duba takarda. Tarin fuka ma haka yake, ƙyanda ma haka. Shi kuwa hawan jini da suga, idan ba a kula da su ta waya da araha ba, ƙarshensu motar agaji ta 997 da gadon gaggawa da wankin ƙoda, wanda ya fi tsada ga kowa. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izinin aikin Hajji. Wanda ke tsoron a gane shi yakan jinkirta neman taimako har lokaci ya ƙure.

Ina roƙon mahukuntan lafiya na wannan ƙasa mai albarka, cikin ladabi, a sanya Hausa a layin likita na waya ta zauna duk shekara, kuma a samar da mace mai fassara ga macen da ta nema. Huɗubar Arfa ana fassara ta da Hausa, duniya na ji. Masu iya wannan aiki suna nan, 'ya'yanmu ne da suka tashi da harsunan biyu, wasunsu ma sun karanci aikin jinya suna zaune a gida. A kuma yi wa tsofaffi hanya ta murya zalla, wadda ba sai an cike gurbi ba.

Amma mafi yawan maganata da namu nake. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da na Nijar duk suna nan Jidda. Hukumar alhazai tana kawo tawagar likitoci kowace shekara, su yi makonni su koma, su bar dubban Hausawa mazauna. Me zai hana a tsara likitoci masu lasisi, maza da mata, su riƙa ba da sa'o'i kaɗan a mako a wani layi sananne, su saurari mutum da harshensa? Ba sai sun rubuta magani daga nesa ba, dokar ƙasar nan ma ba za ta bari ba. Ya isa su ce wa mace wannan na iya jira, wannan kuwa tashi yanzu ki tafi asibiti, kuma ga abin da za ki faɗa idan kin je. Attajiranmu da ke ciyarwa a Ramadan, a haɗa da na'urar awon suga da ta hawan jini a rabon. Malamanmu na zaure da na makarantun mata, a faɗa wa mutane a fili cewa faɗa wa likita ciwon al'aura ba rashin kunya ba ne, kuma shan magani da sunan wani haɗari ne.

Masu shirin kafa irin wannan tsari a gida kuwa, ku dubi namu da kyau kafin ku kwafa. Idan kuka ce sai mai lambar NIN da layi da sunansa da babbar waya da Turanci, to kun riga kun san su wa za su shiga: matasan birni masu ilimi, mafi yawansu maza. Matar ƙauye mai juna biyu wadda wayar gidan ke aljihun mijinta yana kasuwa, ba za ta shiga ba. Ku fara da kira na murya, da harshen mutane, da likita mace, sannan ku riƙa ƙirga su wa ke kira: shekarunsu, maza ne ko mata, kuma su da kansu suka yi magana ko wani ya yi a madadinsu.

Ku kuma 'yan'uwa da ke da uwa ko goggo ko kaka a Makka, Madina ko Jidda, idan kun kira gaisuwa kada ku tsaya a "ya jiki" ta ce "da sauƙi". Ku tambayi sunan maganin da take sha, wa ya rubuta shi, da sunan wa aka rubuta, yaushe aka auna ta rabon ƙarshe. Idan akwai abin da ba za ta iya faɗa wa ɗanta ba, ku haɗa ta da mace. Likitoci mata masu jin Hausa da ke son ba da lokacinsu, na nan ko na gida, ina roƙon Edita ya karɓi saƙonsu ya haɗa mu, akwai mata da yawa a nan da ke jira.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makarantar mata,
Jidda, Saudiyya.